'Yata ba ta ajiye littafi, babanta ya ce sai likita

Assalamu alaikum. Ni uwa ce, muna zaune a Ɗorayi. Yarinyar nan tawa ta fari shekararta 15, ta gama SS1 a ajin kimiyya. Tun tana firamare ba ta ganin rubutu ta wuce, ko takardar da aka naɗo ƙosai ce sai ta warware ta karanta. Kuɗin tara take tarawa ta sayi littafi. Babanta ya ƙwallafa rai sai ta zama likita, ya ce mai son karatu haka asibiti ne wurinta. Ita kuwa lauya take so ko aikin jarida, kuma wai marubuciya za ta zama. Sakamakonta na bana: Hausa 81, Turanci 78, Bayoloji 70, Lissafi 52, Kemistiri 46, Fiziks 44. Duk ranar da aka ta da maganar sai gidan ya yi tsit kwana biyu. Ni ina tsakiya, na rasa bayan wa zan bi.

Wata uwa, Kano

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya miki ita, ya shi mata albarka.

Bari in fara da abin da za a aikata, dalilai su biyo baya. Kada a cire ta daga ajin kimiyya yanzu, kada kuma a yanke cewa likita za ta zama. Da an koma makaranta, cikin mako biyun farko, a shigar mata da Adabin Turanci cikin darussanta. Sai a bar shekarar SS2 ta nuna inda ƙarfinta yake, a zauna a ƙarshen zango na uku da takardu a gaba.

Alhaji da 'yarsa hujja ɗaya suka riƙe, kowa yana ja gefensa. Shi ya ga mai jure zama da littafi ya ce ga likita, ita ta ga tana jin daɗin labari ta ce ga marubuciya, kuma duk sun yi gaggawa. Son karatu kamar wuƙa ce mai kaifi: mahauci yana so, baduku yana so, wanzami yana so, amma kaifin kaɗai ba zai gaya miki sana'ar mai ita ba. Yaron da ya taso da littafi yana samun yawan kalmomi, da saurin gane abin da tambayar jarrabawa take nema, da juriyar zama awa guda wuri ɗaya, da iya tsara magana a rubuce. Babu sana'ar boko da ba ta bukatar waɗannan. Abin da yake nuna hanya shi ne irin abin da take karantawa, da kuma abin da take yi bayan ta rufe littafin. Nan ne aikinki yake, domin ke ce a gida da ita.

Ki sa ido ba tare da kin sanar da ita ba. Wata yarinyar in ta gama littafi sai gardama: wane bai kyauta ba, hukuncin da sarkin ya yanke ba adalci a ciki, ai da an nemi shaida. In kin musa mata sai ta koma baya ta nemo shafin ta nuna miki da yatsa. Wannan komawa neman hujja a rubuce shi ne rabin aikin lauya. Wata kuma takardar cikin kwalin magani take warwarewa ta bi ƙananan rubutun nan, ta dame ki da tambaya: me ya sa aka ce mai ciki kada ta sha, me ya sa sai bayan awa takwas, ina maganin yake zuwa bayan an haɗiye. Irin wannan, ko littattafan labari ne suka cika mata jaka, zuciyarta tana wajen yadda jiki yake aiki, kuma Alhaji yana da abin faɗa. Akwai mai kunnen harshe, wadda allon shago da aka rubuta ba daidai ba yake hana ta sakat, tana jin labarai a rediyo ta ce wannan fassarar ba ta zauna ba. Akwai mai tara ƙanne ta ba su abin da ta karanta, ta sauƙaƙa shi har na aji biyu ya gane. Akwai mai cewa wa ya faɗa, yaushe, ta yaya ya sani.

Sannan akwai wadda take karatu don hutu kawai. Ta gama wannan ta buɗe wancan, bayan mako guda in kin tambaye ta abin da ke ciki sai sunayen taurarin labarin. Ba laifi ba ne, amma ba alamar wata sana'a ba ce, kuma iyaye da yawa a nan suke ruɗuwa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki ba ta littafin da ba na labari ba, na tarihi ko na lafiya ko tarihin rayuwar wani, ta karanta shafi 15 zuwa 20 a rana, ta rufe, ta rubuta shafi ɗaya na abin da ta fahimta ba tare da leƙawa ba. A yi haka mako huɗu, a canza fanni kowane mako. Wanda ta yi wa rubutu mai rai, ta zo miki da tambayoyin da littafin bai amsa ba, ki riƙe sunansa. Laburaren Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello ya wadatar da wannan gwaji, kuma masu tsofaffin littattafai na wajen Bata da Sabon Gari suna da araha.

Yanzu makin da kika aiko. Ki lura Bayoloji 70 ne, sauran biyun suna ƙasa da 50. Bayolojin SS1 darasi ne na karantawa da riƙewa, shi ya sa mai son littafi take cinye shi. Kemistiri da Fiziks kuwa da biro ake karanta su. Mai karatun labari takan bi shafin da ido, ta ga kowane mataki ya yi ma'ana, ta ɗauka ta iya, sai a jarrabawa a juya tambayar kaɗan ta tsaya cak. Ki karɓo takardun jarrabawarta daga makaranta ki zauna da wani wanda ya sani. In makin a wajen lissafi yake zubewa, wato juya fomula, canza ma'auni daga giram zuwa kilogiram, daidaita ɓangarorin haɗin sinadarai, lissafin mol (ma'aunin yawan sinadari), to ciwon yana cikin Lissafin nan mai 52, ba ƙin kimiyya ba ne. In za a ɗauki malamin lesin, na Lissafi za a fara ɗauka.

Maganin ba shi da daɗi amma yana aiki: tambaya 10 a rana daga tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, kwana biyar a mako, minti 45, littafi a rufe. Ta ware kwafi guda na kurakurai, duk tambayar da ta faɗi ta rubuta ta a ciki tare da dalilin faɗuwar, ta sake gwada ta bayan kwana uku. Lesin da yake cin kuɗi a banza shi ne wanda malami yake warwarewa a allo ita tana kwafa. Ki tambayi malamin kai tsaye: a cikin awa ɗayan nan, minti nawa biro yake hannunta?

In aka yi zango biyu ana wannan da gaske, makin zai yi magana. A ganina, in Kemistiri da Fiziks suka haura 60 kuma ba ta zuwa ajin kamar za a kai ta yanka, burin Alhaji yana da ƙafar tsayawa. In suna nan ƙasa da 50, matsa mata cutarwa ce, kuma ga dalili. Mai neman likitanci a JAMB Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji yake rubutawa, a kan maki 400. Ana neman kiredit a waɗannan huɗun da Lissafi, jami'o'i da yawa kuma a zama ɗaya suke so. Hukumar da ke kula da likitoci ita take ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, shi ya sa makin shiga yake cikin mafi tsada a ƙasar nan. In an shiga, shekara shida ce. Shekarar farko Fiziks ɗin ne da Kemistiri ɗin suke jiran ta, sai ilimin sassan jiki da yadda suke aiki da sinadaran cikinsu, sai babbar jarrabawar da ake tsallakewa kafin a shiga asibiti, wanda ga ɗaliban Jami'ar Bayero shi ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Bayan digiri akwai shekarar sanin makamar aiki, sannan bautar ƙasa. Yaron da aka tura ba da ƙarfinsa ba, ɗayan biyu ne yakan faru: ko ya yi ta maimaita JAMB shekara biyu, uku yana zaune a gida, ƙarshe ya karɓi kwas ɗin da ba shi ya zaɓa ba, ba kuma babansa ba, ko ya shiga da ƙyar a sallame shi a shekara ta uku, lokacin da sa'o'insa suke shirin gamawa.

Amma a yi wa Alhaji adalci. Duk wanda ya taɓa raka mace sashen haihuwa a Kano ya san ƙishin likita mace da ake yi, kuma aikin lafiya ya fi aikin jarida tabbacin albashi. Ba son kai ne yake damunsa ba, tsoro ne na uba. In 'yar taki ta zamo mai warware takardar magani ce, akwai jinya da ungozoma da haɗa magunguna da aikin ɗakin gwaje-gwaje. Sai dai kada a ɗauke su hanyar gudun Kemistiri, domin su ma darussan kimiyyar nan uku suke nema.

Dalilin da ya sa na dage a kan Adabin Turanci shi ne ƙofofin biyu ba faɗinsu ɗaya ba. Wanda ya bar kimiyya ya koma ajin adabi, dawowarsa da wuya, saboda shekarun ɗakin gwaji da jarrabawar aiki da hannu ba a rama su a wata uku. Wanda ya zauna a kimiyya ya ƙara Adabin Turanci kuwa, yana riƙe da makullin ɓangarorin biyu. Yawancin jami'o'i ba sa ɗaukar ɗalibin lauya sai da kiredit a wannan darasi, kuma yana cikin abin da zai rubuta a JAMB. Digirin Turanci ma haka, aikin jarida ma a wurare da dama. Ɗalibai masu ƙoƙari sukan gano wannan ne ranar cike fom, sakamako ya riga ya fito.

WAEC darasi takwas zuwa tara take yarda ɗalibi ya rubuta, saboda haka sai wani ya ba da wuri. Ki je makarantar da kanki, ko ku je da Alhaji, ku ga jami'in jarrabawa ko mataimakin shugaba mai kula da karatu. Ku tambayi wane darasi na zaɓi za a iya ajiyewa, misali Noma ko Labarin Ƙasa. Kada a taɓa Hausa da Addinin Musulunci in tana yin su, domin ana lissafa su cikin darussan adabi, za su yi mata amfani a JAMB. Ku buɗe kundin sharuɗɗan JAMB na shekarar ku ga ko jami'ar da ake so tana ƙara neman darasin Gwamnati ko Tarihi. Gaggawar tana da dalili: makarantu suna aika wa WAEC makin gwajin aji da ɗalibi ya tara, darasin da aka shigo da shi a SS3 yakan zo ba shi da wannan makin. In kuma makarantar gwamnati take, a SS2 ake jarrabawar tantancewar da ake dubawa kafin gwamnatin jiha ta biya kuɗin NECO, gara a shiga da darussan da aka tsayar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan jadawalin ya ci karo, ko makarantar ba ta da malamin adabi kamar yadda ake samu a kwalejojin kimiyya zalla, akwai jarrabawar WAEC da NECO ta masu zaman kansu. Sai ta rubuta Adabin da Gwamnati a can a haɗa sakamako biyu, bayan an tabbatar jami'ar tana karɓar zama biyu a wannan kwas ɗin.

Ki gaya mata tun yanzu cewa son labari ba ya cin wannan jarrabawar. Takarda uku ce: ta zaɓin amsa, ta zube, sai ta wasan kwaikwayo da waƙa. Littattafan ƙayyadaddu ne, na Afirka da na waje, har da wasa ɗaya na Shakespeare, kuma ana canza jerin duk shekara biyar, don haka kada a sayo na yayarta ko na maƙwabta ba tare da an duba jerin da ake kai ba. Abu biyu ne suke kayar da yara. Na farko dogaro da 'yan littattafan taƙaitawa maimakon asalin littafin. Na biyu, wanda ya fi kama masu son karatu irin taki, shi ne a tambaye su halin tauraro ko jigon labari su ɓige da ba da labarin daga farko har ƙarshe. Mai duba takarda ya san labarin, hujja yake nema. Ta karanta kowane littafi sau biyu, na biyun da fensir, ta riƙa amsa tambaya ɗaya a mako, shafi ɗaya da rabi cikin rabin awa, kowace magana da misali daga littafin.

Ita ma akwai gaskiyar da ya kamata ta ji game da abin da take so. Lauya shekara biyar ce a jami'a, da shekara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda take da reshe a Bagauda. A Bayero ana haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci, saboda haka Larabcin Islamiyyarta jari ne, kada ta yi wasa da shi. Karatun lauya kundin dokoki ne da hukunce-hukuncen manyan kotuna, shafi arba'in ana jayayya a kan sakin layi ɗaya, babu zaƙin labari a ciki. Sabon lauya a ofishin wani babba abin da yake samu a shekarun farko bai taka kara ya karya ba. Amma fagen yana da faɗi: ma'aikatar shari'a, bankuna, kamfanoni, koyarwa, kujerar alƙalanci, kuma lauyoyi da yawa ba sa tsayawa gaban kotu sam.

Jarida shekara huɗu ce, Bayero tana da tsangaya guda ta sadarwa. Sai dai ɗakin labarai bai cika tambayar takarda ba kafin ya ga hannu: za ki iya rubuta labari mai tsabta cikin minti ashirin, ki kira mutum uku ki tabbatar da shi? Albashin gidajen rediyo na gida kaɗan ne, lokacin aiki kuma ba shi da tsari, akwai fitar asuba, akwai dawowar dare. Wannan magana ce da za a yi a fili tun yanzu, domin za ta taso a lokacin aure. Ki kuma ajiye wannan a ranki: wanda ya karanta kimiyya yana iya zama ɗan jarida, har ya fi wasu iya rahoton lafiya da noma, amma ɗan jarida ba ya wayar gari ya zama likita.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a takardarta shi ne Hausa 81 da Turanci 78 tare. Masu ƙarfi a harsunan biyu lokaci ɗaya ba su da yawa. Galibi in ɗaya ya miƙe ɗayan yana ɗingishi. Sashen Hausa na BBC da DW da RFI da TRT, gidajen rediyo da talabijin na Kano, ƙungiyoyin lafiya masu wayar da kai, kotuna, kamfanonin manhaja, duk suna neman mai fassarar da ba ta warin Turanci. Ga gwajin da za ku yi a tsakar gida. Ki ba ta labari daga jaridar Turanci mai kalma kamar 150, ta mai da shi Hausa cikin minti 20, ta karanta wa kakarta ko wata dattijuwa da ba ta jin Turanci. In tsohuwar ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsokaci a kan labarin, fassara ta yi. In ta ce “me kika ce?”, a ja layi a wurin a sake. Wanda ya ga yana jin daɗin wannan wahalar, Sashen Harsunan Najeriya da na Turanci suna nan, haka koyarwa da ilimin laburare da adana bayanai, waɗanda mutane suke rainawa alhali masu son littafi da yawa a can suka samu natsuwa.

Marubuciya kuwa, babu wanda zai hana ta, babu kuma fom ɗin da ake cikewa. Abin da ya kamata ta sani shi ne rubutu da wuya yake ciyar da mai shi shi kaɗai. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933, daga baya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Cyprian Ekwensi haɗa magunguna ya karanta. Chinua Achebe likitanci ya shiga yi a Ibadan a 1948, bayan shekara ɗaya ya koma Turanci da Tarihi, ya rasa tallafin karatun da aka ba shi saboda canjin. Kowane ɓangare a gidanku zai samu nasa a cikin waɗannan, amma dukansu suna da aikin da ya riƙe su suna rubutun. Yau kasuwar littafin Hausa ta koma cikin waya: marubuciya ta buɗe zauren WhatsApp na kuɗi, mutum ɗaya ya biya, kafin magariba an tura littafin zaure goma kyauta. Don haka ta fara yanzu, a matsayin aikin gefe. Kalma 300 a rana a ranakun hutu, gajeren labari ɗaya kammalalle mai kalma 1,500 kowane zango. Kammalawar ita ce gwajin, domin masu fara babi na ɗaya sun cika gari. Reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, yana zaman da ake karanta rubutu a yi gyara, yayanta ko kawunta zai iya raka ta. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata tana nan in shekarunta sun kai.

A hutun zango na ɗaya a fitar da ita ta gani da idonta, gani ya kori ji. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a: safiya ɗaya a Babbar Kotun Jiha da ke sakatariyar Audu Bako, tare da kawunta, a zauna a baya, waya a kashe. Za ta ga yadda ake kiran shari'a goma a ɗage bakwai, ta ga lauya ya yi jiran awa uku don maganar minti biyar. In ta fito tana tambayar me ya sa alƙali ya ƙi karɓar takardar nan, alama ce. In ta fito tana hamma, ita ma alama ce. A nemi wani sananne a gidan rediyo ta wuni a ɗakin labarai, a kuma haɗa ta da likita mace ko ɗalibar aji biyar a dangi ko unguwa, ta tambaye ta yadda kwanan asibiti yake da abin da ya fi ba ta wuya a karatun. Bayan kowace ziyara ta rubuta shafi ɗaya, ki ajiye.

Wata 'yar magana a gefe, tunda karatun nata ya kai haka. In a waya take yi, ki san zaurukan da take ciki, ki karanta babi ɗaya ko biyu da kanki, domin cikin littattafan da ake turawa akwai waɗanda ba na 'yar shekara 15 ba ne. Wayar ta kwana a ɗakinki. Yarinyar da ta kai ƙarfe ɗaya na dare tana bin labari ba za ta gane Fiziks ɗin ƙarfe takwas na safe ba, kuma wani lokacin 44 ɗin nan daga nan take. In tana kanne ido wajen kallon allo ko tana yawan ciwon kai, a kai ta a auna idon.

Saura Alhaji. Kada ki je masa a matsayin lauyar 'yarki, kada a yi a gaban yara, kada kuma a yi a daren da aka yi saɓani. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki ajiye masa takardar sakamakon, ki fara da abin da yake so ya ji, wanda kuma gaskiya ne: tana nan a kimiyya, za a ma ƙara mata lesin. Abin da kike roƙo biyu ne, darasi ɗaya a ƙara, hukunci kuma a jinkirta shekara ɗaya. Ba abin da ya rasa a ciki. Ku amince da ma'aunin tun yanzu, 60 ɗin nan da 50, har a rubuta, don kada ranar zama wani ya matsar da shi. In ya cije, a nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko mahaifiyarsa ko malamin da yake girmamawa, a nuna musu takardun su ma, kada a kai musu ƙara. Ita kuma ki ja ta ɗaki ki gaya mata sharaɗin: jinkirin nan da gumi za ta biya shi. In aka ga ta saki Kemistiri da gangan don ta tsira, yarjejeniya ta rushe, kuma kiredit ɗin da ta zubar nata ne. Ku yi istihara ku duka uku kafin zaman ƙarshe.

Idan lokacin JAMB ya zo a SS3, kada a miƙa wa mai shagon kwamfuta ko wani ɗan unguwa ya cike mata. A je cibiyar da JAMB ta amince da ita, ke ko Alhaji kuna tsaye, a karanta darussa huɗun da aka zaɓa a gwada su da sharaɗin kwas ɗin kafin a tura, domin maki 300 da haɗin darussan da bai dace ba ba ya ba da gurbi. Sunanta da ranar haihuwarta su zama iri ɗaya harafi da harafi a NIN da rajistar WAEC da ta NECO. In akwai bambanci a gyara shi tun a SS2, gyaran yana cin watanni. Layin wayar da za a yi rajista da shi ya zama na gida wanda ba za a yar ba, don ta nan saƙonnin JAMB za su riƙa zuwa har ranar da za ta karɓi gurbin.